Kiwon Mesa A Turai Da Amurka: Yadda Neman Launi Ke Sa A Haɗa 'Yan'uwa Barbara

A ƙasar Hausa in aka ce an ga mesa a bayan gari, abin da kan biyo baya shi ne ihu da sanduna. Amma a Amurka da Ingila da Jamus da Jafan akwai dubban mutane waɗanda ke ajiye wata irin ƙaramar mesa a cikin ɗakunansu, suna ciyar da ita, suna auna nauyinta, suna rubuta ranar da ta ci da ranar da ta yi saɓa, kamar dai yadda mai sha'awar tattabaru a Kano ko Zariya ke kula da tattabarunsa. Abin da zai ƙara ba mai karatu mamaki shi ne, asalin wannan mesa daga nan Afirka ta Yamma ne, ana kuwa samunta a Gana da Togo da Binin da Nijeriya da Kamaru, har zuwa wasu sassa na Afirka ta Tsakiya.

Mesar da ake magana a kanta daban take da babbar nan da ke haɗiye akuya. Ƙarama ce, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, ba ta da dafi, ga ta da tsoro. In ta firgita sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya, abin da ya sa Amurkawa ke kiranta mesar ƙwallo, mutanen Ingila kuwa su ce mesar sarauta. Masana sun ba ta suna Python regius, kuma wani masani ɗan Ingila, George Shaw, shi ya fara bayyana ta a rubuce cikin 1802. A daji tana fakewa a cikin suri da ramukan ɓeraye, ɓerayen ne kuma yawancin abincinta, saboda haka aminiyar manomi ce ko da bai sani ba. A garin Wida na ƙasar Binin akwai ɗakin tsafi da aka keɓe mata, haka kuma a wasu garuruwan ƙasar Ibo ba a kashe ta.

Launinta na asali baƙi-baƙi ne da zane ruwan ƙasa, irin wanda ke ɓoye ta cikin ciyawa. To, amma kasuwar masu kiwo ba ta tsaya a kan wannan launi ba. Abin da ake rububi shi ne wadda ta fita daban: fara sol, ko rawaya mai jajayen idanu, ko mai dabbare-dabbare. A nan ne sha'awa ta haɗu da ilmin gadon halitta, a nan ne kuma aka shiga haɗa uba da 'ya, da wa da ƙanwa, don a sami abin da ake nema.

MAFARIN AL'AMARIN

Jefi-jefi mafarauta a Afirka ta Yamma kan tono wata mesa wadda launinta ya saɓa wa na sauran. Wata irin wannan, zabiya, ta isa hannun wani mai kiwon macizai a jihar Oklahoma ta Amurka, Bob Clark, wanda a cikin 1992 ya zama na farko da ya ƙyanƙyashe zabiyoyin wannan mesa a gida. A cikin 1997 kuma wani mai kiwo a jihar Maryland, Peter Kahl, ya tabbatar da cewa dabbare-dabbaren nan, watau farin da ke katse zanen jikin mesa nan da can, shi ma gadonsa ake yi. A farkon lamarin ana sayar da guda ɗaya a kan dubban daloli. Ganin haka sai jama'a suka yi caa a kan sana'ar, har ta kai yanzu launukan da aka haɗa, aka ba su sunaye, sun shiga dubbai.

Sai dai duk wanda ya sami zabiya guda ɗaya tak yakan ci karo da wata matsala tun a karon farko. In ya haɗa ta da mesa mai launin daji, 'ya'yan da za a ƙyanƙyashe duk masu launin daji ne, babu zabiya ko ɗaya. Wanda bai san kan abin ba sai ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, kuɗinsa sun faɗa rijiya. Alhali kuwa launin yana nan cikin jikin kowane ɗaya daga cikin 'ya'yan, laɓewa kawai ya yi.

ABIN DA MENDEL YA GANO

Wanda ya fara warware wannan sirri wani malamin coci ne, Gregor Mendel, a birnin Brno da ke cikin ƙasar Cek ta yanzu. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta gwaji da waken Turawa a lambun gidan ibadarsu, ya buga sakamakon cikin 1866, amma ba wanda ya kula da aikin sai a 1900, bayan ya rasu da shekara 16. Da ya haɗa wake mai fure ruwan shuni da mai farin fure, duk 'ya'yan farko sai suka fito ruwan shuni. Da ya bar waɗannan 'ya'ya suka haifi nasu, sai farin ya sake ɓullowa: ya ƙirga 705 masu ruwan shuni, 224 farare, watau kusan uku da ɗaya.

Bayanin shi ne, kowace siffa da ake gado tana da ƙwayoyin gado guda biyu a jikin halitta, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, ko ita kaɗai ce za ta nuna kanta. Wata kuwa mai laɓewa ce, ba ta bayyana sai ta sami 'yar'uwarta, watau sai ɗa ya gaje ta ta wajen uba da ta wajen uwa duka biyu. Zabiyanci da dabbare-dabbare a jikin mesa duk daga ƙwayoyi masu laɓewa suke.

Mutanen Nijeriya ba baƙin wannan lissafi ba ne, domin shi ne lissafin ciwon sikila, wanda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar ke ɗauke da ƙwayarsa. Mai AS yana yawonsa lafiya lau, amma in ya auri mai AS, to, kowane ciki da aka samu akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, biyu cikin huɗu mai AS, ɗaya cikin huɗu mai AA. Haka abin yake ga mesa. In aka haɗa biyu masu ɗauke da ƙwayar zabiyanci a ɓoye, kowane ƙwai yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya fito zabiya. In kuwa aka haɗa zabiya sosai da mai ɗauke da ƙwayar, yiwuwar ta zama rabi da rabi. In duka biyun zabiyoyi ne iri guda, to, 'ya'yan duka zabiyoyi ne.

Ya kamata a lura cewa wannan ƙiyasi ne na kowane ƙwai shi kaɗai, kada a ɗauke shi tamkar alkawari. Mesar nan ba ta da yawan ƙwai, takan saka kamar shida a shekara, wani lokaci ƙasa da haka, wani lokaci har goma ko sha ɗaya, ana kuma ƙyanƙyashe su bayan kwana 55 zuwa 60. In ƙwai shida ne daga iyaye biyu masu ɗauke da ƙwayar, lissafi ya nuna cewa kusan sau 18 cikin 100 ba za a sami zabiya ko guda ba. Sa'an nan 'ya'yan da suka fito da launin daji ba a iya bambanta mai ɗauke da ƙwayar da wanda ba shi da ita da ido. Abin da aka sani kawai shi ne biyu cikin uku nasu suna ɗauke da ita, shi ya sa a takardun ciniki ake rubuta musu kashi 66 cikin 100. Wanda kuma ke son haɗa launuka biyu masu laɓewa a jikin mesa guda, alal misali zabiya mai dabbare-dabbare, to, daga iyayen da ke ɗauke da ƙwayoyin biyu a ɓoye rabonsa ɗaya ne cikin 16.

DALILIN HAƊA 'YAN'UWA

Daga nan za a gane abin da ke tura mai kiwo ga haɗa jini ɗaya. Mutum yana da namiji zabiya guda, a duk duniya kuwa ba a san wani irinsa ba. Ƙwayar da yake nema ba ta jikin kowace mesa sai wannan namiji da 'ya'yansa. Saboda haka sai ya reni 'ya'ya mata shekara biyu ko uku har su isa saka ƙwai, sa'an nan ya mai da su wajen ubansu, ko kuma ya haɗa su da 'yan'uwansu maza. Ba shi da wata hanya ta tabbatar da cewa launin abin gado ne in ba wannan ba.

Haka aka yi da farar damisar Indiya. A cikin 1951 Sarkin Rewa ya kama wani farin ɗan damisa da aka sa wa suna Mohan. Da aka haɗa shi da mace mai launi na kullum, 'ya'yan duk suka fito kamar uwarsu. Sai da aka haɗa shi da 'yarsa Radha sa'an nan aka sami fararen 'ya'ya huɗu cikin 1958. Daga baya, da aka ci gaba da juya jini guda, sai aka riƙa samun masu harararrun idanu da karkatacciyar ƙashin baya da waɗanda ba sa rayuwa, har dai a 2011 ƙungiyar gidajen namun daji ta Amurka ta hana mambobinta kiwon fararen damisu da gangan.

Haɗa 'yan'uwa shi da kansa ba ya ƙirƙiro cuta. Abin da ke faruwa shi ne, kowace dabba, kome lafiyarta, tana ɗauke da wasu ƙwayoyi masu laɓewa marasa kyau waɗanda ba su cuce ta ba domin kowacce guda ɗaya ce. In ta haɗu da bare, da wuya a ce shi ma yana da irin waɗannan ƙwayoyin daidai. In kuwa da ɗan'uwanta ne, to, daga tukunya ɗaya suka ɗebo. Hanyar da ƙwayar launi ke bi ta haɗu da 'yar'uwarta, ita ce kuma hanyar da ƙwayar naƙasa ke bi, mai kiwo kuwa ba shi da ikon tsayawa a bakin ƙofa ya ce wannan ta wuce, waccan ta koma.

Wani masani Ba'amurke, Sewall Wright, ya fito da ma'aunin wannan hatsari cikin 1922. Ma'aunin yana nuna yiwuwar ɗa ya gaji ƙwaya iri ɗaya sau biyu daga kaka guda. In uba da 'ya ne, ko wa da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya, kashi 25 ne cikin 100. In 'yan uba ne kawai, kashi 12 da rabi. In 'ya'yan wa da ƙane ne, kashi 6 da kwata. Abin lura shi ne yadda yake taruwa: in aka sake haɗa wa da ƙanwa a zuriya ta biyu sai ya hau zuwa kashi 37 da rabi, a ta uku ya kai 50.

DARASI DAGA SUWIDIN

Da yawa daga cikin masu kiwo suna cewa macizai sun fi dabbobi masu shayarwa jure wa wannan abu, kuma zuriya ɗaya ko biyu ba ta nuna wata illa. Lalle akwai waɗanda suka yi haka suka sami 'ya'ya lafiyayyu. Amma abin da ya faru a wani wuri da ake kira Smygehuk, a gaɓar teku ta kudancin Suwidin, ya nuna cewa jurewar tana da iyaka. A can akwai wani irin maciji mai dafi, dangin kububuwa, wanda gonaki suka kewaye mazauninsa suka raba shi da sauran 'yan'uwansa. Da 'yan kaɗan ɗin da suka rage suka yi ta barbara a tsakaninsu, sai matan suka riƙa haifar matattun 'ya'ya da naƙasassu, adadinsu ya yi ta raguwa. A cikin 1992 wani masani, Thomas Madsen, da abokan aikinsa suka kawo maza 20 daga wani wuri suka sake su a can. Cikin 'yan shekaru haihuwar matattu ta ragu, garken ya farfaɗo, aka buga labarin a mujallar kimiyya ta Nature cikin 1999. Ciwon da jini ɗaya ya kawo, sabon jini ne ya warkar da shi.

Akwai kuma wata illa dabam wadda bai kamata a gwama ta da wannan ba, watau wadda ke tafe tare da ƙwayar launin ita kanta. Misalin da ya fi shahara shi ne wata mesa mai siririn zane da masu kiwo suka laƙaba wa sunan gizo-gizo. Ƙwayarta mai rinjaye ce, ba ta bukatar haɗa 'yan'uwa, amma masu ita kan yi fama da karkarwar kai, wasu su riƙa murɗa wuya suna kallon sama, wasu su kai wa abinci sara su kuskure. Binciken da aka buga daga Jamus cikin 2022 ya sami naƙasa a can cikin kunnensu, wurin da ke daidaita jiki. Tun 2018 wata babbar ƙungiyar masu kiwon macizai a Ingila ta hana sayar da irin wannan a wuraren baje kolinta. Wannan ciwo kuwa sabon jini ba ya maganinsa, domin launin da ciwon tushensu guda. Maganinsa kawai a daina haifar da irin.

ABIN DA BINCIKE YA ƘARA

Shekaru da yawa masu kiwo sun san cewa ba duk zabiya ce ɗaya ba. In aka haɗa zabiya ta kullum da wata mai ɗan ruwan shuni a jikinta, sai 'ya'yan su fito da launin daji, abin da ke nuna cewa ƙwayoyin biyu ba a wuri ɗaya suke ba. A cikin 2022 wasu masu bincike a Jami'ar Eastern Michigan, ƙarƙashin Hannah Seidel, suka tabbatar da haka ta hanyar gwada saɓar macizai da masu kiwo suka aiko musu. Sun gano cewa zabiya ta kullum tana da alaƙa da ƙwayar da ake kira TYR, mai ruwan shunin kuwa da OCA2. Wannan ta biyun ita ce kuma ke bayan irin zabiyancin da ya fi yawa a tsakanin mutanen Afirka, abin da ke ƙara tabbatar da cewa zabiyanci al'amari ne na gado kurum, wanda iyaye biyu baƙaƙe lafiyayyu kan ɗauke shi ba su sani ba, babu ruwansa da camfe-camfen da ake jingina masa. A 2023 kuma masana a Jami'ar McGill ta Kanada suka gano ƙwayar da ke sa dabbare-dabbare.

Amfanin wannan ga mai kiwo shi ne, yanzu yana iya aika saɓar mesarsa a gwada a gaya masa ko tana ɗauke da wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi, ba sai ya jira shekara uku ya haɗa ta da ɗan'uwanta don ya gani ba. Bugu da ƙari, hujjar da mutanen farko suka kafa ta riga ta faɗi. A 1992 zabiya abar nema ce ruwa a jallo. A yau zabiyoyi da masu dabbare-dabbare sun cika kasuwa, farashinsu ya sauko zuwa 'yan ɗaruruwan daloli, kuma wanda ke da ɗaya yana iya samo mata abokin barbara daga wani gida mai nisa. Wanda ya ci gaba da haɗa wa da ƙanwa a kan irin waɗannan launuka, gaggawa ce ko rowa ta sa shi. Ko wanda ya sami sabon launi yana da hanya mai dama-dama: ya haɗa namijin da mata biyu ko uku waɗanda ba su da dangantaka, sa'an nan ya haɗa 'ya'yan wannan ɗaki da na wancan. Ta haka hatsarin ya ragu da rabi, daga kashi 25 zuwa 12 da rabi, in kuma launin ya bayyana sai a sake shigo da bare. Wannan hanya tana cin shekaru, tana kuma bukatar rubuta asalin kowace mesa daki-daki.

Dalilin da ya sa haƙurin ya zama wajibi shi ne tsawon ran wannan dabba. A hannun mai kula takan yi shekara 20 zuwa 30. A gidan namun daji na birnin St. Louis a Amurka, wata da aka ƙiyasta shekarunta 62 ta saka ƙwai bakwai cikin 2020. Ke nan mesar da aka haifa da lanƙwasasshen baya ko naƙasar baki, in ta rayu, za ta ja wahalarta shekaru masu yawa, mai ita ma ya ja tare da ita.

RABON AFIRKA TA YAMMA

Kusan kowane sabon launi mai asali daga dajin Afirka ta Yamma ya fito, haka kuma sabon jinin da ake bukata don gyara zuriya. An ƙiyasta cewa fiye da miliyan 3 na wannan mesa aka fitar da rai daga yankin tun tsakiyar shekarun 1970, yawanci daga Gana da Togo da Binin. Mafarauta kan tono mata masu ciki da ƙwayayensu daga ramuka, a ƙyanƙyashe a gonakin 'yan kasuwa, a aika da 'ya'yan ta jirgin sama, ƙa'ida kuma ita ce a mai da iyayen daji tare da wani kaso na 'ya'yan. Yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta sa wannan mesa a jerinta na biyu, watau ana iya cinikinta amma sai da takardar izni. A cikin 2021 ƙungiyar IUCN ta sa ta cikin dabbobin da suka kusa shiga hatsari, saboda yawan kamu da kuma sarar daji don noma.

Wannan ya sa al'amarin ya shafi ma'aikatan gandun daji da na kwastan na ƙasashen yankin kai tsaye. Rumbun da ake ɗiba don gyara kiwon Turai da Amurka na nan gida, in kuwa aka ƙarar da shi har ya zama 'yan tsiraru a tsibiran daji tsakanin gonaki, abin da ya sami macizan Suwidin ba zai yi wuyar samunsu ba, ga kuma ɓeraye da za su sami sarari a gonaki.

Ga ɗalibai da masu kiwon gida, darasin bai tsaya kan maciji ba. Lissafin Mendel ɗaya ne ga mesa da akuya da kaza da ɗan Adam. Shi ya sa malaman dabbobi ke ba da shawarar a riƙa sauya bunsuru ko rago ko bijimi a garke kafin ya kai ga hawan 'ya'yansa, shi ya sa kuma likitoci ke kira ga masu niyyar aure su je a gwada jininsu tun kafin a kai kuɗi. Abin da ido bai gani a jikin iyaye ba yana iya bayyana a jikin 'ya'ya, kuma sanin asali tun da wuri ya fi neman magani daga baya sauƙi da araha.